IDON MATAFIYI: Wa zai nuna wa baƙo ƙofa a tashar jirgin ƙasa?

Mutum yana iya haye hamada da teku cikin dare guda bai ɓata ba, sa'an nan ya zo ya ɓace a cikin gini ɗaya. Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya taɓa sauka tashar Gare du Nord ta birnin Paris da akwati biyu a hannu ya san wannan magana ba ba'a ba ce. A takarda abin ba wuya. Daga filin jirgin sama na Sharl de Gol ka shiga jirgin ƙasan da ake kira RER B, bayan kamar rabin awa ka sauka Gare du Nord, ka koma jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 4 wanda ya nufi Porte de Clignancourt, a tasha ta biyu ka fito Château Rouge, unguwar da ƴan Afirka ke cefane, inda ake samun kuɓewa da busasshen kifi da atamfa. Haka ɗan'uwa zai rubuto cikin saƙo, layi uku ba ƙari. Abin da saƙon ba ya faɗi shi ne abin da ke tsakanin "ka sauka" da "ka koma".

A taswira, tasha ɗigo ce kawai inda layi biyu suka gamu. A zahiri kuwa gari ce sukutum, hawa bisa hawa, rabinta cikin ƙasa. Mutum kimanin dubu 700 ke ratsa Gare du Nord kowace rana, wato fiye da ninki biyu na jama'ar da aka ƙidaya a birnin Maraɗi a 2012, kuma a Turai kaf ba ta da na biyu wajen cinkoso. Ita ma yarinya ce in an gwada ta da tashar Shinjuku ta birnin Tokyo, wadda mutum fiye da miliyon 3 ke bi ta cikinta kullum, ƙofofin fitarta kuma sun haura 200.

Bahaushe da gabas da yamma yake kwatance. In ka tambayi hanya a Damagaram, ce maka za a yi ka yi gabas har ka wuce masallacin Juma'a, ka yi gusum wajen babban dogon yaro, gida na uku. To, a ƙarƙashin ƙasa ba rana, ba inuwa, ba hasumiya. Matakala ta juya da mutum sau biyu, shi ke nan, alƙibla ma ta ɓace masa. An ce matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya yi wannan karin magana bai yi zaton wurin da kowa ke sauri kamar ana korarsa ba, kunne toshe da abin sauraron kiɗa. Sai ka ga Alhajin da yara goma ke tashi tsaye in ya shigo kanti a babbar kasuwa ya tsaya gindin allo yana ta juye-juye, gumi na zuba, matafiya na bangaje shi ta ko'ina.

Zuwa ma da sauƙi, komowa ce mai haɗari. A Gare du Nord, jirgin RER B da na RER D masu zuwa arewa dandamali guda suke tsayawa, wannan a gefe ɗaya, wancan a ɗaya gefen. Ko mutum ya dace da B ɗin, da sauran magana, domin bayan tashar Aulnay-sous-Bois layin ya rabu biyu: reshe ɗaya ya tafi filin jirgin sama, ɗaya kuma ya nufi wata tasha da ake kira Mitry-Claye. Kowane jirgi yana ɗauke da wani suna mai baƙaƙe huɗu a goshinsa, kuma baƙin farko ne ke nuna inda zai ƙare: E filin jirgin sama, I kuwa Mitry. Mazauna birnin sun san wannan kamar yadda ɗan Tawa ya san cewa a Tsarnawa ake barin hanyar Maraɗi. Baƙo bai sani ba. In ya shiga na Mitry, kafin ya farga ya sauka ya komo baya rabin awa ko fiye ta tafi, wani lokaci tare da jirgin saman da ya biya wa kuɗi masu nauyi, ga kuma biza da ke gab da ƙarewa.

Wannan ne ya haifi ra'ayin da ke yawan komowa bakin matasa masu ilimin kwamfuta: a ƙera manhajar waya wadda aikinta ba gaya wa mutum jirgin da zai shiga ba ne kaɗai, domin masu yin haka sun yi yawa, a'a, wadda za ta riƙe hannunsa a cikin tashar kanta. Ta ce masa tun kafin ya shiga jirgin farko: tsaya wajen tarago na biyu daga gaba, domin in kun isa, ƙofarsa ce ke buɗewa daidai bakin matakala. In ka sauka ka bi hagu, ka hau bene ɗaya, kada ka bi allon da aka rubuta Sortie, wato mafita, ka bi wanda ke ɗauke da lamba 4 cikin da'ira. Da kayan da ke hannunka minti bakwai za ka yi, jirgin da ke tashi bayan minti huɗu ba naka ba ne, kada ka yi gudun banza.

Mai karatu na iya cewa, a kan ƴan mintoci ake wannan dogon zance? To, a yi lissafi. Jirgin RER mai tsawo ya haura mita 200. Jirgin nan mai gudun tsiya na Faransa, TGV, in an haɗa biyu yana kai mita 400, kuma ba a iya ratsawa daga ɗaya zuwa ɗayan ta ciki, wani sa'i ma a raba su a hanya kowane ya kama gabansa. Lafiyayyen mutum hannu sake yana cin kamar mita 80 a minti guda. Ke nan wanda ya sauka a wutsiyar jirgi alhali matakala tana can wajen kai, ya yi asarar kusan minti uku tun bai fara neman hanya ba, kuma zai isa matakalar a bayan ɗaruruwan mutane. A manyan tashoshin Faransa kuwa, sai saura kamar minti ashirin a tashi ake bayyana lambar dandamali, kuma saura minti biyu ake hana shiga. Tazarar da ke tsakanin samun jirgi da kwana a benci ba ta wuce waɗannan mintocin ba.

Abin ban sha'awa shi ne, ba injiniya ne ya fara wannan tunani ba, kuma ba a waya aka fara shi ba. A tsakiyar shekarun 1990, wata matar aure a Tokyo mai suna Yasuyo Fukui ta sha wahala wata rana tana tura jaririnta cikin keken yara, tana kai da kawowa a dandamali don neman mahawa. Sai ta ɗauki alƙalami da ɗan littafi ta shiga bin tashoshin birnin ɗaya bayan ɗaya, sama da 250, tana rubuta taragon da ke tsayawa kusa da kowace matakala da kowace mafita da kowane makewayi. Kafin shekarun su ƙare, hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta birnin ta karɓi aikin, aka buga shi aka liƙa a ginshiƙan tashoshi, ita kuma ta kafa kamfani a kansa. A 2009 wani saurayi da ƴar'uwarsa suka yi irin wannan yawo a birnin Niyok, suka zuba abin da suka tara cikin manhaja mai suna Exit Strategy NYC. Bayansu Citymapper, wadda Azmat Yusuf ya kafa a Landan a farkon shekarun 2010, ta mai da "shiga gaba, tsakiya ko baya" abin yau da kullum, manhajojin hukumomin sufurin Paris ma yanzu suna faɗin haka, har da lambar mafita.

Ke nan duk saurayin da ya zo wa mai kuɗi da wannan ra'ayi yana cewa sabo ne fil, a ba shi wuri ya zauna, a ba shi ruwa, amma kada a yi saurin buɗe jaka. Ra'ayin tsoho ne. Abin da ya rage ba a warware ba shi ne mai wuyar.

Matsala ta farko, wayar ba ta san inda take ba. A sarari, tana sanin wurinta ne ta hanyar sauraron taurarin ɗan Adam na GPS da ke shawagi kimanin kilomita dubu 20 sama da ƙasa, kuma sai ta ji aƙalla huɗu kafin ta yi lissafi. Saƙonsu raunana ne ƙwarai, ba ya huda kankare da ƙarfe. Da zarar an gangara matakala, ɗigon nan shuɗi da ke nuna "ga ka nan" sai ya fara tsalle kamar fara, ko ya sandare a bakin titi. An gwada dabaru iri-iri. Akwai masu kafa ƙananan na'urori na Bluetooth a bango, kowace tana shelar lambarta, waya ta auna ƙarfin muryar ta kintaci nisa. An gwada haka a Landan tun 2015 domin makafi. Akwai masu ƙirga takun mai waya, da masu auna nauyin iska don gane hawan benen da yake. A 2021 Google ya fara amfani da kyamarar waya a cikin wasu tashoshin Tokyo: ka ɗaga ta, ta gane allunan da ke gabanka, ta zana maka kibiya. A Basalona ta ƙasar Sipaniya kuwa an liƙa wasu tambura masu launi-launi na NaviLens, waɗanda waya ke karantawa daga nesa ko ba a saita ta sosai ba, ta faɗa wa mutum da murya abin da ke gabansa. Kowace dabara tana aiki, amma kowace tana bukatar mai tashar ya yarda, ya kashe kuɗi, ya kuma riƙa gyara.

Nan ne matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko girma ko da yake ba ta da ƙyalli. Manhaja ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata. Tun 2005, lokacin da Google da hukumar sufurin birnin Portland na Amurka suka shirya wani tsari na bai ɗaya da ake kira GTFS, kamfanonin sufuri ke iya wallafa jadawalinsu ta yadda kowace manhaja za ta karanta. Sai a 2019 aka ƙara wa tsarin sashen da ke kwatanta cikin tasha: lunguna, matakalai, ƙofofin tikiti, da daƙiƙun da ake ci a kowane. Amma samun gurbi a takarda daban, cika shi daban. Dole wani ya taka da ƙafarsa ya auna, kamar yadda matar nan ta Tokyo ta yi, kuma dole wani ya koma gobe, domin tasha ba ta zama yadda take. Yau an toshe lungu ana gyara, gobe matakala mai tafiya da kanta ta tsaya, jibi asansar ya lalace. Manhajar da ta tura tsoho mai ciwon gwiwa ko mace mai goyo zuwa ga asansar da ya mutu tun makon jiya ta fi rashinta muni, domin da ba ta nan da sun tambayi mutum. A Paris ɗin ma, layi na 14 ne kaɗai a cikin layukan ƙarƙashin ƙasa ke da asansar a kowace tasha. Sauran galibi ƙafa ce da matakala, ko manhaja ta so ko ta ƙi.

Sai kuma tambayar da ɗan kasuwa zai fara yi: wa zai biya? Matafiyi ba ya son biyan kuɗin kwatance, tun da can kyauta ake yi masa. Citymapper da duk farin jininta ta daɗe tana neman hanyar samun riba, daga bisani a 2023 kamfanin Via na Amurka ya saye ta. Abin da aka ba ka kyauta a waya kuwa, sau da yawa da sawunka kake biya: inda ka kwana, inda ka yi ciniki, ƙarfe nawa ka fita. Mai yawo da kuɗin saro kaya ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Akwai wani abu kuma da masu ƙera waɗannan manhajoji ke mantawa, wataƙila don su da ƴar jakar baya kawai suke tafiya. Sun ɗauka mai amfani da abin yana da hannu sake, da layin waya na ƙasar, da batir cike, kuma yana karanta taswira. Matafiyin da ya fito daga Yamai ba haka yake isa ba. Tun da jiragen Air France suka daina zuwa a 2023, sai ya biyo ta Kazablanka ko Istambul ko Adis Ababa, ya isa a gajiye, batir ya kusa mutuwa, layinsa na gida ba ya aiki ko kuma yana cin kuɗi kamar wuta, hannu biyu duk da kaya. Ya tsaya tsakiyar jama'a ya ɗaga waya mai tsada yana juyawa da ita, ai ya yi wa masu yankan aljihu sallama ke nan. Manhajar da za ta amfane shi ita ce wadda zai sauke tun yana gida, ta yi aiki ba intanet, ta yi masa magana a kunne da harshen da yake mafarki da shi, ta kuma nuna masa hoton allon da zai nema maimakon zanen taswira. Ta gaya masa kuma tikitin da ya dace, domin a 2025 na filin jirgin sama yuro 13 ne, kusan sefa 8.500, na cikin gari kuwa yuro 2,50, kimanin sefa 1.640, kuma wanda ya shiga da ƙaramin inda ake son babban tara ce ke jiransa. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, amma fassara kalma daban, iya kwatance daban. "Ka ɗauki fita ta uku" ba Hausa ba ce, ko da kuwa kowace kalma a cikinta ta Hausa ce.

Ba Paris kaɗai ba. Yau ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram sun fi sanin Gwanju ta ƙasar Sin, inda mai zuwa unguwar Xiaobei daga filin jirgin sama zai shiga layi na 3, ya koma na 2, ya sake komawa na 5, kuma a can taswirar Google ba ta da amfani, sai manhajojin ƙasar, waɗanda aka yi domin ƴan ƙasar. Alhazai ma sun shiga wannan sahu. Tun 2010 akwai jirgin da ke jigila tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, tasha uku a kowane wuri, tun 2018 kuma akwai mai gudu tsakanin Makka da Madina ta Jidda, kilomita 450. Tsohuwar da ta fito daga ƙauyen Madarunfa, wadda ba ta taɓa ganin dogo ba, a can take fara shiga jirgin ƙasa, cikin dubban mutane, kuma ba waya ce ke kai ta ba. Wani ɗan agaji ne riƙe da tuta.

Wannan ɗan agajin ya cancanci a dube shi da kyau, domin aikin da ake son manhaja ta yi, a nan ƙasar mutane ne ke yin sa tun fil azal. Shiga tashar Wadata a Yamai ko babbar tashar Maraɗi: ba allo, ba jadawali, amma ba ka yin taku goma ɗan kamasho bai tambaye ka inda za ka ba. Ya san motar da ta kusa cika da wadda ƴan zaman cika mota ne a ciki, ya san in za ka Kano daga Damagaram ta Matamai za ka bi, ya ƙwala wa mai baro kira ya ɗauki kayanka. Yana da aibinsa, wani lokaci motar da ke ba shi kamasho mai tsoka yake kai ka, ba wadda za ta riga tashi ba. Amma labarinsa na yau ne, ba na makon jiya ba, kuma yana ganin fuskarka ya san ko kai baƙo ne. Har yanzu ba a ƙera manhajar da ta kai shi nan ba.

Wani zai ce, ina ruwan Nijar da wannan duka, ƙasar da jirgin ƙasa bai taɓa zama abin hawan jama'a ba? Gaskiya ne. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, kakanni suka yi ta kai gyaɗa bakinsa bisa raƙuma da jakuna, bai ƙetaro iyaka ba. Na Kwatano ya tsaya Faraku, kilomita 438 daga teku, duk da hukumar haɗin gwiwa ta OCBN da aka kafa tun 1959. A watan Afrilun 2014 aka yi bikin buɗe tashar Yamai, a Janairun 2016 aka ƙaddamar da layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa zuwa Doso, kimanin kilomita 140, amma bai taɓa yin jigilar fasinja ta yau da kullum ba. Wanda aka yi wa haka sau uku, in ya yi shakka ba a ga laifinsa ba.

Sai dai a watan Fabrairun 2021 an aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin. An sha sa ranar gamawa ana ɗagawa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk abin da ke wahalar da baƙo a Gare du Nord tun a teburin mai zane aka shuka shi, shekaru kafin wayar hannu ta yaɗu. Tashar da aka tsara da kyau ba ta bukatar manhaja sosai. Wadda aka tsara da ka, manhaja goma ba su gyara ta. Tashar Maraɗi, in Allah ya nufa ta tabbata, ba za ta zama mai hawa biyar a ƙarƙashin ƙasa ba, amma canjin abin hawa zai kasance a cikinta tun ranar farko: daga tarago zuwa teburin ƴan sanda da na duwan, daga nan zuwa motar Tasawa ko ta Dakwaro ko kar ɗin Yamai. Nisan da ke tsakanin dandamali da inda motoci za su tsaya, ko akwai inuwa a tsakani, ko mai baro zai iya shiga da dila, ko kar ɗin dare zai jira jirgin da ya makara, waɗannan su ne za su yanke ko tafiyar ta yi daɗi ko ta zama azaba.

Akwai kuma zancen allo. Jirgin zai taso daga ƙasar da ke rubuta allunanta da Ingilishi ya shigo wadda ta saba rubuta nata da Faransanci, alhali fasinjan da ke ciki, daga Kano har Maraɗi, Hausa yake ji. Kundin da hukumomin Nijar suka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tashar Maraɗi wuri ne da za a ga ko wannan magana ta sauko daga takarda. Ƙungiyoyin ƴan kasuwar jihar, waɗanda su ne za su fi kowa hawa da sauka a wurin, suna da damar neman a nuna musu zanen tun siminti bai bushe ba, su kuma nemi duk wanda zai gudanar da layin ya riƙa wallafa jadawalinsa a fili cikin tsarin da kowace manhaja ke karantawa. In an yi haka, saurayin da ya gama jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ba ya bukatar izinin kowa kafin ya ɗauki ɗan littafi da alƙalami ya fara ƙirga taku daga tarago na farko zuwa bakin ƙofa.